Tsakanin Ka da Ki

Ranar da Zenabu ta fara shiga shagon Dramani, ba karatu ya kai ta ba, waya ta je bugawa. Yayanta da ke Kumasi ne ya aiko a neme shi, gidansu kuwa babu tarho, don haka ta yafa mayafi ta tsallaka babbar gotar nan da ta raba unguwannin Nima da Maamobi a birnin Accra, ta shiga shagon buga waya da ke bakin titi.

Tana zaune a benci tana jiran layi ya zo kanta, sai ta ji wani Balarabe yana magana a bayan labule, murya garau, yana cewa, "Kaifa haluka?" Can sai wata muryar ta biyo baya tana maimaitawa. Wayyo Larabci! An kama shi an shaƙe, an yar a ƙasa. Ba ta san lokacin da dariya ta kuɓuce mata ba.

Labulen ya ɗaga. Wani dogon saurayi baƙi mai siririn gemu ya leƙo, hannunsa riƙe da makirfo.

"Ka na dariya na?" in ji shi, shi ma yana murmushi.

Kada ku ga laifinsa. Dramani haifaffen Nima ne, iyayensa 'yan ƙabilar Moshi, kuma Hausar da ya tashi da ita ta Zongo ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji: kowa "ka" ne, kowa "shi" ne, har uwar da ta haife ka. Gidan su Zenabu kuwa daban ne. Kakanta fataucin goro ya kawo shi daga Katsina, kuma mahaifinta, Malam Sulemana, ya riƙe Hausar gidan ubansa gam. A gidansa yaron da ya ce wa mace "ka" sai ya sha ranƙwashi.

Kunya ta kama ta, ta sunkuyar da kai ta ce ba shi take yi wa dariya ba, baƙon nasa take tausayi. Ya ce ta zo ta gaishe da baƙon mana. Ta leƙa, ba ta ga kowa ba sai wata kwamfuta mai ƙaton ƙeya a kan tebur, da 'yan sifiku biyu a gefe. Ɗan uwansa da ke Jamus ne ya aiko masa da ita don ya riƙa buga wa mutane takardu, a cikin kwalinta kuma ya tsinci faifan koyon Larabci. Balaraben yana cikin faifan. Shi zai faɗi kalma, hotonta ya fito a allo, kai kuma ka maimaita a makirfo, na'urar ta ɗauki muryarka ta mayar maka ka ji kanka.

Ta tambaye shi me zai yi da Larabci, shi da ke da sana'arsa. Ya ce kullum sau biyar yana tsayawa gaban Ubangijinsa yana magana, amma bai san abin da yake faɗa ba, abin yana damunsa. Zenabu ta ɗago ta dube shi da kyau a karo na farko. Wayar da ta zo bugawa ma sai da ya tuna mata.

Ita ma tana da tata damuwar. Ta sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinta, ta karanta littattafan farko, haruffa suna fita a bakinta tsaf. Amma a ce ta yi hira da Larabci, nan gizo ke saƙa. Ga shi tana koyar da yara a wata Islamiyya a Nima, tana son ta zauna jarrabawar malaman Larabci, kuma a jarrabawar akwai hira baki da baki. Suka yi ciniki ba kuɗi: ita za ta gyara masa maƙogwaro, shi kuma zai bar ta ta yi hira da baƙonsa duk sanda ta taso daga makaranta.

Ba a ɓoye aka yi ba. Ƙanwar babanta, Gwaggo Amama, a tsallaken titin take sayar da wake da shinkafa, kuma ita ce ta shigo da kanta ta yaye labulen nan ta naɗe. Ta ce karatu ba ya son labule, kuma daga inda take zaune idonta yana kai wa har ƙeyar akwatin, wato kwamfutar.

Sau da yawa Zenabu kan zo ta tarar yana fama da masu buga waya, ko ya tafi Adabraka sayen takarda. Sai ta zauna ta yi darasinta. Wata rana ta danna wurin sauraren murya don ta ji nata karatun, sai ta ji nasa:

"Sabahul khair ya mu'allimi. Malam na, yau ha ya fito daga maƙogwaro. Ka saurara ka ba ni maki."

Ta rufe baki da mayafi ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ja makirfo ta bar masa amsa:

"Sabahun nur ya tilmizi. Ha ta fito, barka. Amma ain tana nan kwance a asibiti, a je a duba ta. Kuma ni ba Malam ba ce, Malama ce."

Washegari ta tarar da wani:

"Malam na, Malama na, duk ɗaya ne, tunda kai ne. Na ajiye maka ƙosai a kan firinta, kar ka bari ƙuda ya riga ka."

Tun daga nan sunan ya bi ta. Ta yi gyaran har ta gaji. A Larabci ma haka yake yi, mu'allimi yake ce mata maimakon mu'allimati. Da an yi sa'a da faifan ya gyara shi, to amma darasin da ake bambance namiji da mace, daidai nan faifan ya karce. Da an zo wurin sai Balaraben ya kama in'ina, allon ya daskare, a tsallake zuwa darasin kasuwa. Na'urar kuwa baki gare ta, ba ta da kunnen jin kuskure. Duk abin da ka faɗa mayar maka za ta yi yadda ka ba ta.

Gaskiya ita ce Zenabu ta daina son gyaran ya kama. Duk Accra babu wanda ke ce mata "Malam na" sai mutum ɗaya, kuma tana son mutumin. Ba ta faɗa ba, shi ma bai faɗa ba. Gwaggo Amama dai tana zuba wa mutane miyar yajin nan ta shito a kan shinkafa tana kallon su, ta kan ce a ranta, wannan karatu ya wuce na akwati.

Ana cikin haka Abdulsalami ya dawo. Ɗan aminin Malam Sulemana ne, ya yi shekaru yana karatu a ƙasar Larabawa, ya dawo da farar jallabiya da Larabci kamar ruwan famfo. Ba mutumin banza ba ne, yana da ladabi daidai gwargwado. Ya zo ya gaishe da Malam, bayan 'yan kwanaki kuma mahaifinsa ya zo da maganar Zenabu. Malam bai ba da amsa ba tukuna, amma duk gidan an ga inda zuciyarsa ta karkata.

Zenabu ta je ta zauna a gindin tukunyar Gwaggo tana kuka. Gwaggo ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta rufe tukunya ta ɗaura ɗankwali ta nufi wajen yayanta.

Malam ya saurare ta har ta gama, sannan ya fara. Ya ce ya daɗe yana jin ƙishin-ƙishin 'yarsa tana zuwa ɗaukar karatu a wajen akwati, ya yi shiru ne don ya san Amama na wurin. Amma a sani, ilimi daga bakin maza ake ɗaukarsa, gwiwa a ƙasa. Akwati wa ya karantar da shi? Wa ya sa masa albarka? Sannan yaron da ko Hausa bai iya raba mace da namiji ba, shi za a ɗauki 'yar malamai a ba?

Gwaggo ta ce, "Yaya Malam, kai ka koya mana ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba. Ka je ka ga yaron, ka ga akwatin. In ka dawo ka ce a'a, ni ce zan fara rarrashinta."

Ya ce zai je, don dai a rufe maganar.

Akwai abin da Zenabu ta sani game da mahaifinta wanda shi ba zai taɓa faɗa ba. Zauren nan nasa da a dā ba ka samun wurin ajiye takalmi, yanzu 'yan tsofaffi ne kawai ke zuwa. Samari sun koma sababbin makarantu, waɗanda suka dawo daga waje kuwa sai su gaishe shi da girmamawa su wuce, babu mai naɗe ƙafa ya ce Malam a ƙara mini. Ta sha ganinsa da hantsi yana kaɗe buzu yana gyara littattafai, yana duban ƙofa. Abin yana ci mata rai.

Bayan la'asar suka tafi, Malam a gaba da sandarsa, Gwaggo da Zenabu a baya. Malam ya ɗauka Gwaggo ta sanar da yaron zuwansa. Ita kuwa ba ta sanar ba, wai don a same shi yadda Allah ya yi shi. Da Dramani ya ga wanda ya shigo, saura kaɗan ya kifar da kujera. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya goge kujerar da hannun rigarsa.

Malam ya zauna ya gyara tabarau ya ce a kunna. Balaraben ya fara. Malam ya karkata kunne yana neman inda zai kama shi, bai samu ba. Da ƙyar ya ce lafazin ba laifi. Sai ya nuna wani ɗan hoton kunne a gefen allon ya tambayi amfaninsa. Kafin Dramani ya buɗe baki, Gwaggo, da karambaninta, ta miƙa hannu ta danna yadda ta saba ganin Zenabu na yi.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, labarin Abdulsalami ya isa kunnen Dramani, kuma da safiyar ranar ya tattara ɗan Larabcinsa da duk ƙarfin halinsa ya bar wa Zenabu saƙo. Muryarsa ta cika shagon:

"Ya mu'allimi, inni uhibbuka fillah. Uridu an akuna ma'aka ɗula hayati. La tatrukni."

Wato, ya malamina, ina son ka saboda Allah. Ina so in kasance tare da kai tsawon rayuwata. Kada ka bar ni.

Maganar da ta daɗe tana jira ce ta zo mata, amma a gaban mahaifinta. Ta rufe ido tana jiran saukar aradu. Shiru. Da ta buɗe, sai ta ga Malam ya cire tabarau yana goge ido da bakin rawaninsa.

Nan take ta gane. Kowace kalma a saƙon namiji take kira. Malami namiji, "ka" ɗin namiji. Kunnen Malam kuwa ba ya wasa da wasali. Ya ɗauka yaron ya san da zuwansa, ya shirya masa wannan tarba.

Malam ya juyo ya dubi Dramani, muryarsa ta yi laushi irin yadda Zenabu ta daɗe ba ta ji ba. "Yaro, Allah da ka so ni dominSa Ya so ka. Rabon da wani saurayi ya ce mini haka, na manta."

Zenabu ta kafe Dramani da ido. Duk abin da ido zai iya faɗa ta faɗa: yi shiru, don Allah yi shiru, ƙofa ta buɗe. Gwaggo ma ta taka masa ƙafa a hankali. Wa zai sani? Ai ba ƙarya ya yi ba, shiru kawai ake nema.

Dramani ya dube ta, ya dubi tsohon da ke goge ido. Sai ya sake durƙusawa.

"Malam, ka yi haƙuri. Ba kai na ke nufi ba. Shi Zenabu ne."

Ana jin muryar yaron motar haya ta trotro a waje yana kiran fasinjojin kasuwar Makola. Malam ya mayar da tabaransa a hankali, ya dogara sanda ya miƙe, ya fita. Zenabu ta bi bayansa, kuma duk tsawon hanyar bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Ba a hana ta zuwa shagon da baki ba, amma ta san ba ta da ƙafar zuwa. Haushi ya cika ta, na mahaifinta kaɗan, na Dramani mai yawa. Ta aika Gwaggo ta gaya masa Allah ya buɗe masa ƙofa ya sa hannu ya rufe, kuma ya kunyata dattijo a kan abin da shiru zai wadatar. Gwaggo ta dawo da amsa, ta faɗe ta da irin Hausarsa don kada ta rage komai:

"Ka gaya ma Malam na, na san na ɓata. Amma in na shiga gidan da wannan, kullum na durƙusa gaishe shi, ƙarya na ke gaisarwa. Hawayen shi na gaskiya ne. Ba zan iya saya aure da shi ba."

Zenabu ta shiga ɗaki ta yi kuka, wannan karon ba na haushi ba. Son da take masa ya ƙaru, tsoron rasa shi ma ya ƙaru, ga kuma kunyar kanta da ta zo ta zauna a tsakiya.

Kwanaki suka shuɗe Malam bai ta da maganar ba. Yana fita masallaci, yana dawowa, yana cin tuwonsa. Mahaifin Abdulsalami ya aiko a ji inda aka kwana, aka ce ya ƙara haƙuri. Zenabu ta rame, ko yaran makarantarta sun lura.

Wata safiya ta kai masa koko zaure, ta juya za ta fita ya ce ta zauna. Ya daɗe yana juya ludayi kafin ya tambaye ta ko tun farko ta san saƙon nata ne. Ta ce ta sani. Ya ce ya ga idonta ranar, ya kuma ga ƙafar Amama, tsufa bai kai ga makanta ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma, ta ce, "Baba, ka yafe mini. Tsoro na ji."

Ya ce ya yafe. Ya ce ba zai ɓoye mata ba, abin ya yi masa zafi, ya ji kamar an miƙo masa ruwa yana kai baki aka janye. Ya kwana biyu yana jin haushin yaron. Amma da ya zauna ya auna, sai ya ga da yaron ya yi shiru, da a ranar zai ba shi ita, kuma yaron ya san haka sarai.

"Sannan ga wata," in ji Malam. "Na riga na roƙa masa son Allah da bakina. Addu'a in ta fita ba a kiran ta ta dawo. Wanda na roƙa wa wannan, da wane ido zan hana shi 'yata?"

Malam ya ɗaga yatsa ya ce da sharaɗi. Akwatin ya yi nasa ƙoƙarin, ba zai ci amanarsa ba, amma ba shi da kunne. Yaron zai riƙa zuwa nan zauren kullum da safe kafin ya buɗe shago, ya naɗe ƙafa, har sai ya raba mace da namiji a Larabci da Hausa. Ba zai ɗauki 'yarsa ya ba mutumin da zai riƙa kiran ta kamar wani ƙato ba.

Da kansa ya je ya ba aminin nasa haƙuri. Abdulsalami bai ji daɗi ba, wa zai ji? Amma ya ce matar mutum kabarinsa, ya janye da mutuncinsa.

Haka Dramani ya fara zuwa. Ranar farko ya zo da sabon littafi da biro, yana zufa tun kafin rana ta fito sosai. Zenabu tana tsakar gida tana shara tana jin su: anta, anti, anta, anti, wato kai da ke a Larabci, sai kuma muryar Malam, "Kai yaro, wannan kan naka dutse ne?" Bayan wata biyu sai ga shi ya jawo abokansa biyu masu gyaran rediyo, su ma suna son sanin abin da suke faɗa a sallah. Takalma suka fara taruwa a ƙofar zauren. Malam kuwa, da ya ƙi akwati, shi ne yanzu ke tura su Maamobi da yamma su je su ji lafazin Balaraben, su dawo da safe ya ji nasu.

Zenabu ta koma darasinta da izinin mahaifinta, ta zauna jarrabawarta ta ci. Ranar da ta je shagon da albishir, ta tarar da saƙo yana jiran ta. Ya yi maganar a hankali, yana taka kowane wasali kamar mai tsallaka gota da sabon takalmi:

"Ya mu'allimati, inni uhibbuki. Malamata, ina son ki. Kin ji? Ki na ce."

Ta saurara sau uku, sannan ta ja makirfo:

"Na ji, ya tilmizi. Ka ci maki duka. Ni ma ina son ka. Amma in muna mu biyu, a bar mini Malam na ɗina."

Bayan babbar sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Nima ta cika, Maamobi ta tsallako, Gwaggo Amama ta dafa abin da ya ciyar da layi guda tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ita ta danna akwatin har saƙon ya fito. Har Abdulsalami ya zo ya yi wa ango murna.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka kawo ta zaure lulluɓe don mahaifinta ya yi mata nasiha. Aka shigo da ango shi ma ya durƙusa a gefe. Malam ya yi musu faɗan haƙuri da riƙon amana, gajere. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai Dramani ya ce yana da magana.

Ta ƙarƙashin mayafi Zenabu ta ga ya matsa har gwiwarsa ta taɓa bakin buzun.

"Ya mu'allimi," in ji shi, "inni uhibbuka fillah."

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Yau kuma wa ake nufi?"

"Kai, Malam. Yanzu na san bambancin."

Tsohon bai cire tabarau ba, ya bar hawayen suka gangaro cikin gemunsa. Ya kama hannun Dramani, ya laluba ya kamo na 'yarsa ya haɗa su a cikin nasa. Ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su zuriya mai faɗin gaskiya ko da za ta rasa abin da take so. Duk zauren aka amsa da amin, Zenabu kuwa ta ƙara damƙe hannun mahaifinta tana kuka.